Rumfar Ɗaga Ƙarfe a Tsakar Gida: Yadda Aikin Ke Tafiya

Asabar, 19 ga Oktoba 2024

Yau na auna wurin. Kusurwar gabas ce ta tsakar gida, tsakanin katanga da ɗakin girki, inda muke jibge itace. Tsawo mita 4, faɗi mita 3. Ya isa. Sandar da ake gasar ɗaga nauyi da ita mita 2.2 ce, tawa kuwa ba za ta wuce mita 2 ba, don haka akwai sararin da mutum zai tsaya ta kowane gefe ya zura nauyi bai gogi katanga ba.

Abin da ya taso da maganar shi ne awon jini. Watan jiya nawa ya taɓa 140 bisa 90. Likita ya ce ban kai ga shan magani ba tukuna, amma in rage gishiri, in rage tumbi, in motsa jiki. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara wa baligi shi ne minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a mako, sannan aƙalla kwana 2 a mako a yi aikin ƙarfafa tsoka. Tafiyar ƙasa ba ta buƙatar komai, titunan unguwar Zariya ta nan Maraɗi sun ishe ni bayan Asuba. Ƙarfafa tsokar ce ke son kaya. Akwai wuraren motsa jiki na kuɗi a Maraɗi, sai dai in ka haɗa kuɗin wata da na kabu-kabu zuwa da dawowa, abin ya fi ƙarfin albashina. Ko da ma zan iya, uwargida ba za ta je ba, Inna kuwa ba a ma maganarta, alhali ita ce gwiwa ke hana ta tashi daga tabarma sai da dafa bango.

Na ware jika 75, wato sefa dubu 75. Dokar da na kafa wa kaina ita ce kuɗin su tafi ga abin da zai riƙe nauyi, wato sanda da walda da turaku. Nauyin kansa ba shi da tsada a garin nan, ga yashi, ga ruwa, ga siminti. Injin gudu na lantarki kuwa na cire shi daga lissafi tun farko. Wuta na ɗaukewa, ƙurar hunturu na shiga kowace kafa, kuma in ya lalace samun mai gyara wani aiki ne.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Na fara da abin da ke gida. Jarkoki 2 masu lita 20 na wanke su tas. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka jarka ma'auni ce da kanta. Na ɗauko gorar ruwa mai lita 1, ina zubawa ina ja wa jarkar layi da fenti, har sama. Yanzu wanda ke son kilo 6 ya zuba zuwa layi na 6, mai son 12 ya kai 12. Ɗaukar jarka biyu, ɗaya a kowane hannu, a yi tafiya daga zaure zuwa ƙarshen gida a dawo, yana aiki a kafaɗa da damtse da ƙugu gaba ɗaya. Masu ga-ruwa shaida ne.

Na haɗa buhun yashi kuma. Busasshen yashi yana kai kilo ɗaya da rabi a lita, jiƙaƙƙe ya fi haka, shi ya sa na shanya shi kafin in auna. Ban zuba shi kai tsaye cikin buhun ba. Na ƙulla shi cikin ledoji, kilo bibbiyu, na naɗe kowace da tsumma, sannan na jera cikin tsohon buhun shinkafa da na ninka biyu. In ana son ƙari a jefa ƙulli ɗaya, in ana son ragi a cire. Igiyar tsalle kuwa guntun igiyar guga ce da na zura wa bututun roba a bakin biyu don riƙo.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Aikin ƙasa. Na sayi siminti buhu 3. Ragin farashin da gwamnati ta yi a watan Oktoba, bayan ɓarnar daminar bana, ya sauƙaƙa mini sosai.

Na daɗe ina tunanin daɓen nan, domin buƙatu biyu ne masu karo da juna. Ƙafar mai ɗaga nauyi tana son ƙasa mai tauri wadda ba ta motsi, in ba haka ba gwiwa ta karkace. Faifan nauyi na siminti da ake zura wa sanda kuwa yana son wuri mai laushi, don in ya bugi daɓe zai tsage. Sai muka yi da magini ya zuba daɓe a tsakiya kawai, faɗin mita 1.2, tsawon mita 2.5, kaurin santimita 8, gefe da gefe kuma aka bar yashi. A kan yashin zan shimfiɗa yankakkiyar tayar babbar mota. Masu yanka taya su yi takalma da guga sun ce za su fere mini ita ta kwanta.

Na sa an ɗaga wurin duka da taki ɗaya sama da sauran tsakar gida. Duk wanda ya ga ruwan da aka yi a ƙarshen Agustan nan bai buƙatar a yi masa bayani. Garin nan ma ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta hau da shi tudu. Ƙarfen da ya kwana cikin ruwa tsatsa ce makomarsa. Yashin ma wurin masu amalanke na saya, ban yarda yara su haƙo daga bakin titi ba, don irin wannan haƙar ce ke buɗe wa ruwa hanyar cin unguwa.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Yau aka zuba faya-fayan nauyi, kuma wannan ne ɓangaren da na fi so wanda zai kwaikwaya ya karanta da natsuwa.

Lissafin ba wuya. Kankare mai kyau yana kai kilo 2.4 a kowace lita. Robar wanki mai faɗin santimita 30 a gindi, in aka zuba mata kankare kaurin santimita 6, ta ci lita 4 da ɗan ɗoriya, wato wajen kilo 10. Ƙaramar roba mai faɗin santimita 22 da kaurin 5 da rabi tana ba da wajen kilo 5. Na ce "wajen" ne saboda kwaɓin hannu ba ya matsuwa yadda na inji ke yi, kullum yakan fito ƙasa kaɗan. Sikeli ne zai faɗi gaskiyar kowane faifai in ya bushe.

Kwaɓin: gwangwani 1 na siminti, 2 na yashi, 3 na ƙananan tsakuwa. Ruwa kaɗan-kaɗan, har kwaɓin ya yi tauri kamar tuwon da za a kwashe. Magina da yawa suna son ruwa ya yi yawa don aikin ya yi musu sauƙi, amma yawan ruwa rage ƙarfin kankare yake yi, in ya bushe ya bar ƙananan ramuka a ciki. Na shafe robobin da baƙin mai don kada ya manne. A tsakiyar kowace na tsayar da guntun bututun roba mai milimita 40, shi ne ramin da sanda za ta shiga. Samun tsakiyar daidai yana da muhimmanci, faifan da raminsa ya karkace zai riƙa juya sanda a hannu. Na yanka kwali daidai gindin robar, na ninka shi gida huɗu, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya.

Kankare yana jure dannawa, amma ba ya jure ja da lanƙwasa, shi ya sa ake sa masa ƙarfe. Na zuba rabi, na ɗora zoben rodi mai milimita 6 da ragar waya irin ta kejin kaji, sannan na cika. Daga nan sai bubbuga gefen robar da sanda har kumfar iska ta daina tasowa.

Na yi 4 masu kilo 10, 4 masu kilo 5. Sai manya guda 2 da na zuba cikin tsofaffin tayoyin adaidaita. Dabarar wani bakanike ce, kuma ta yi mini. Faifan gasa faɗinsa santimita 45 ne, wato sanda tana tashi santimita 22 da rabi daga ƙasa, daidai yadda mutum zai duƙa ya kama bai ƙwari bayansa ba. Tayar adaidaita ta kusa wannan faɗin, ga kuma robar da za ta kare bakin kankaren daga ɓarewa.

Duk wannan bai ci rabin buhun siminti ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

Na fitar da su daga robobin, babu wanda ya tsage. Iskar hunturu ta fara kaɗawa, ita ce abokiyar gabar sabon kankare, tana shanye ruwansa kafin ya kama. Siminti da ruwa yake ƙarfi, ba da bushewa ba. Suna inuwa, lulluɓe da jiƙaƙƙen buhun algarara, yara na yayyafa musu ruwa safe da yamma. A mako ɗaya kankare yana samun wajen kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, cikakken awonsa sai kwana 28. Ba mai taɓa su sai tsakiyar Disamba.

Asabar, 14 ga Disamba

Mai walda ya gama. Ɗaukewar wuta ta ja aikin, amma hannunsa mai kyau ne.

Sandar dunƙulallen ƙarfe ce mai kaurin milimita 30, tsawon mita 2, nauyinta kilo 11. Na ga samari suna amfani da bututun famfo saboda araha. Cikinsa rami ne, yana lanƙwashewa a hankali, wata rana ya karye a inda aka yi masa zare. Da na tambayi farashin bututun don in kwatanta, mai waldar bai ko ɗago kai ba ya ce, "Malam, araha ba ta ado. Abin da za ka ɗora bisa wuyanka ne fa." Ya liƙa wa sandar zobe ta kowane gefe inda faifai zai tsaya, ya bar santimita 40 na zura nauyi. Ya kuma ce kada in wuce kilo 100 a kanta, don ƙarfen gini ne, ba irin wanda ake ƙera sandar gasa da shi ba. Na rubuta wannan adadin da fenti a jikin katanga.

Turakun guda 4 ne, ƙarfe mai kusurwa huɗu, santimita 5 kowane gefe, an binne gindinsu santimita 60 cikin kankare. Ya huda su jere, tazarar santimita 8, ta yadda za a zura rodi mai kauri a kowane tsayi. Rodin nan biyu na kariya su ne suka fi kowane abu daraja a rumfar. Ni kaɗai zan riƙa aiki, galibi kafin gari ya waye. Wanda ya kwanta bisa benci yana tura sanda, in hannu ya gaza, ƙirji ko maƙogwaro take faɗawa, kuma mutane sun rasa rayukansu ta haka. Da rodin a wurinsa, ɗan ƙasa da tsayin ƙirji, sandar a kansa za ta sauka, mutum ya zame ya fita. Haka ma wajen tsuguno da sanda a kafaɗa. Na ga hotunan wuraren da aka ɗora sanda kan bulo da aka jera, ko kan reshen icce, raina bai so ba ko kaɗan.

A saman turakun baya ya gitta wani ƙarfen na jan jiki sama. Benci kuwa kafinta ya yi shi da katako mai kauri, faɗin santimita 28, tsayi 43, da soso siriri da ledar kujera. Soso mai kauri yana sa baya ya nutse.

Walda da ƙarfe sun cinye jika 48. Na san nan kuɗin za su tafi.

Lahadi, 22 ga Disamba

Na loda faya-fayan a amalanke zuwa wurin wani mai sayen hatsi, ya ara mini sikelinsa. Masu kilo 10 sun fito tsakanin 9.3 da 9.7, masu 5 tsakanin 4.6 da 4.9. Na tayoyin ɗaya 23.5, ɗaya 24. Na rubuta wa kowanne nauyinsa na gaskiya da farin fenti, na haɗa su bibbiyu, waɗanda suka fi kusa da juna, na ba kowane biyu launi ɗaya. Wanda ya ɗora 9.3 a hagu, 9.7 a dama, kafaɗarsa ɗaya za ta riƙa ɗaukar aikin da ɗayar ba ta yi. Bayan haka na shafe su da fentin mai don kada su riƙa zubar da gari.

Gari ya ɗauki zancen kokowa, ana gasar takobi, wato kokowar ƙasa, a Doso, kowace majalisa rediyo ne. Ƙanena da ya taya ni turin amalanke ya ce, "Yaya, ko filin Kantu za mu kai ka badi?" Filin kokowar garin nan sunan Yakuba Ango Kantu yake ɗauke da shi, ɗan Maraɗin da ya ci gasar farko a Tawa a 1975. Na ce masa burina bai kai can ba. In kai shekara 70 ina ɗaukar buhun gero daga ƙofa zuwa ɗaki da kaina, ya ishe ni.

Laraba, 15 ga Janairu 2025

Aiki ya kankama. Litinin, Laraba da Asabar, bayan an dawo Asuba. Sanyi na da ƙarfi, sandar ma sai ta riƙa cizon hannu, don haka ina fara da tsallen igiya da tsuguno ba nauyi har jiki ya ɗauki ɗumi. Ranar da hazo ya yi yawa nakan jinkirta, in yayyafa wa yashin ruwa don ƙura ta kwanta.

Motsi biyar kawai nake yi: tsuguno da sanda a kafaɗa, ɗago sanda daga ƙasa, turawa a kwance bisa benci, turawa sama a tsaye, da jan jiki. Kowanne zagaye 3, sau 8 zuwa 10. Likita ya ja mini kunne kan abu guda: kada in riƙe numfashi ina yunƙuri, domin hakan na harba jini sama nan take. In fitar da numfashi lokacin turawa, in kuma nauyi ya kai wanda ba zan iya ba sai na toshe numfashi, to ya yi mini yawa.

Nan ne amfanin sikeli ya fito. Tsoka tana ƙaruwa ne in aka riƙa ƙara mata aiki kaɗan-kaɗan. Ƙaramin faifaina kusan kilo 5 ne, biyu kusan 10, wannan tsalle ne babba, musamman wajen turawa sama. Kankare kuma in ya yi siriri karyewa yake. Sai na je wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa na tsinto zobban injin mota masu rami a tsakiya, aka auna mini a gabana: 2 masu kilo 1, 2 masu kilo 2. Da su nake ƙara kilo bibbiyu. Ina da ɗan littafi rataye a turke, kowace rana a rubuta abin da aka ɗaga.

Uwargida tana nata da hantsi in yara sun tafi makaranta. Jarka take riƙewa a ƙirji ta tsuguna ta tashi, kuma layukan fentin nan sun yi mata daidai, lita ɗaya take ƙarawa in ta ji sauƙi. Inna da fari cewa ta yi, "Ni da tsufana me zan yi da ƙarfe?" Ba ƙarfe na ba ta ba. Benci na ajiye mata kusa da turke, ta zauna ta tashi tana riƙe da shi, sannan robar cikin tayar babur da na ɗaure a turken tana ja zuwa ƙirji. Tsofaffi su ne suka fi kowa buƙatar wannan, domin tsoka raguwa take da shekaru, raunin cinya kuma shi ke kawo faɗuwa. Jikokinta ne ke ƙirga mata.

Maganar yara: faya-fayan a kwance suke kwana, ba a jingine ba, kuma na zura musu sarƙa da kwaɗo. Kilo 24 in ya faɗo kan ƙafar ɗan shekara 4, ba ƙaramin abu ba ne.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Samari biyu na maƙwabta sun roƙi in bar su su riƙa zuwa. Na yarda, da yamma, in ina gida, bayan na shaida wa iyayensu. Ranar farko ɗayan ya ce, "Kawu, wane magani ake sha ƙwanji ya fito da wuri?"

Tambayar ta dame ni, don na san abin da ake tallatawa a faranti da bayan keke. Ƙwayoyin sa ƙiba da yawa deksametazon ne a ciki. Yana kumbura fuska da ciki, amma tsoka cinye ta yake, ya raunana ƙashi, ya tayar da suga da hawan jini. Tramol kuwa da wasu ke sha don kada su ji gajiya, rufe zafi yake, mutum ya ji rauni bai sani ba, ga kamu, ga farfaɗiya in an sha da yawa. Na gaya musu ƙarara, wanda na ji warin wannan a jikinsa ya bar rumfata.

Abin da tsoka ke so yana kasuwa. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6 na furotin, sinadarin da ke gina tsoka. Busasshen wake ya haura giram 20 a cikin 100, gyaɗa wajen 25, ƙuli-ƙuli ya fi ta tunda an matse man. Ga awara, ga nono, ga fara a lokacinta, ga kwaɗon zogale. Ƙasar gyaɗa da jar akuya ba ta rasa abin gina jiki ba. Sai barci isasshe, domin lokacin hutu ne tsoka ke ginuwa. Na ga alamar maganar barcin ba ta yi musu daɗi ba, masu raba dare a kan waya.

Lahadi, 9 ga Maris

Azumi. Na mayar da aikin bayan Asham, kwana 2 a mako, na rage zagaye, nauyin kuma na bar shi inda yake. Manufar watan nan riƙe abin da aka samu ne. Ɗaga nauyi da rana cikin ƙishirwa ga mai matsalar jini kasada ce marar amfani. Na saya wa rumfar ƙaramar fitila mai cajin rana. Inna ta ɗage nata sai bayan Salla, amma uwargida ta ce tana ganin ta tana tashi daga sallaya ba ta nemi bango ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya sauka. Da rana ana haura digiri 40, sandar da ta sha rana ba ta taɓuwa sai dare. An kafa rufi wannan makon, kwano a sama, zana a ƙarƙashinsa da tazarar taki ɗaya don kwanon kada ya gasa mu, gefen yamma ma an rufe da zana. Na koma aikin Asuba, da gorar ruwa kusa.

Lissafin kuɗi ya tsaya a jika 82, rufin ne ya haurar da shi. Fiye da rabi ƙarfe da walda ne. Faya-fayan duka, da suka kai kilo 100 da ɗoriya, ba su ci jika 6 ba har da tayoyi da fenti.

Faifai ɗaya mai kilo 5 ya ɓare a baki, inda ya bugi gefen daɓe. Ragar waya ta riƙe shi bai rabu ba, amma na auna shi ya ragu da giram 200, na sake rubuta masa. Waɗanda zan zuba nan gaba zan naɗe bakinsu da robar cikin taya tun suna sababbi. Waldar turakun ina duba ta kowace Asabar, ban ga tsaga ba. Awon jinin da aka yi mini ranar Alhamis ya sauko ƙasa da na Satumba, likita ya ce in ci gaba da tafiyar da rage gishirin, in koma bayan wata uku.

Kafin ruwan farko ya sauka a watan Yuni akwai sauran aiki: a kankare tsatsar da ta fara fitowa a gindin turaku a shafa jan fenti, a haƙa ƙaramar kwata ta bayan rumfar, a ɗora faya-fayan kan katako su bar ƙasa. Uwargida kuma ta kai ƙarshen layukan jarkarta, ta ce a yi mata ƙananan ƙarafa na hannu. Ranar Litinin zan kai wa mai walda guntayen rodi guda 2 masu santimita 35.